Jar Fitilar Ƙofar Makewayi

Na riga na ba ku labarin yadda na koyi aikin wuta da yadda na gina gidanmu na unguwar Nassarawa, kuma duk wancan daɗin faɗi gare shi, don a cikinsa ni ne gwani. Wanda zan rubuta yanzu ba shi da daɗi ko kaɗan. Ya shafi shekarar da kakanku, Baba Malam, ya zauna da mu a Birnin Kebbi, da maganar da kuka taso kuna ji a bakin danginmu na Argungu game da mahaifiyarku. An ce muku ta bar tsoho kwance a makewayi tun hantsi har azahar, alhali tana cikin gida. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma rabin maganar aka ba ku. Ɗaya rabin yana wurina, ni na danne shi shekara goma sha ɗaya.

Baba Malam mutum ne da bai saba a yi masa komai ba. Da safe yana fadama cikin shinkafarsa, da yamma manyan unguwa su zo zaurensa ɗaukar karatu, kuma ban taɓa ganin ya ce wa wani miƙo mini buta ba. A shekarar da nake magana, ana gama yankan shinkafa hawan jini ya buge shi a gona. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma hannun dama ya yi rauni, ƙafa tana ja, kunne kuma ya yi nauyi. Yayata Balki, wadda kuke kira Gwaggo, ita ce kusa da shi a Argungu, ta so ta riƙe shi a can. Ni na ƙi. Ni kaɗai ne namiji a cikinmu, asibiti ya fi kusa da ni, kuma gidana akwai makewayi mai masan zama wanda mai ciwon ƙafa ba zai wahala ba. Gaskiya kuma, har da son a ce Umaru ya ɗauki ubansa.

"Umaru, ka san halin tsohon ga," in ji Yaya Balki. "Kunya gare shi ta fitar hankali. Ba shi iya zama gida guda da matar ɗansa."

"Yaya, ki bar mini wannan. Ni zan tsara komi."

"To, amana ce dai munka ba ka."

Makewayin nan kun san shi, wanda ke lungu tsakanin falo da ɗakin da yanzu muke ajiye buhuna. A ɗakin na sauki Baba. Ba shi da taga sai wata 'yar kafa a sama, ko da tsakar rana sai an kunna fitila, makunnin kuma yana waje, a gefen ƙofa. Sati na farko Baba ya sa sakata ya kasa zare ta da hannun nan mai rauni, sai da na ɓalle ta daga waje. Daga ranar na cire sakatar gaba ɗaya, likita ma ya ce hakan ya fi. Ban damu ba, don a gidan da muka tashi babu makewayin da ke da sakata, buhu ne ma a ƙofa. Abin da ke tsare mutum shi ne gyaran murya. Baba ya hore mu tun muna ƙanana cewa ba a magana a makewayi, ba a amsa sallama, ba a amsa kira. In ka zo ƙofa sai ka gyara murya, na ciki ya gyara tasa ko ya motsa buta, ka koma ka jira. In ka gyara sau biyu ka ji shiru, ka shiga, don ko dai ba kowa, ko kuma na ciki yana buƙatar a shigo. Haka kowa yake yi, babba da yaro, ba a taɓa zama an koya wa wani da baki ba.

Wata safiya mahaifiyarku, Kulu, ta ɗauko bokiti da tsintsiya za ta wanke wurin kamar yadda take yi kullum. Ta ga makunni a kunne, amma ku yara kun saba barinsa haka kafin ku tafi makaranta. Ta gyara murya, shiru. Ta sake, shiru, don Baba bai ji ba. Ta tura ƙofa kamar faɗin tafin hannu, ta hango rigarsa a rataye, ta ja da baya da sauri har bokitin ya kife. Iyakar abin da ta gani ke nan, riga a jikin ƙusa. Amma ranar Baba bai ci abincin rana ba, bai ci na dare ba. Da na dawo na shiga gaishe shi, na same shi ya haɗa littattafansa a jaka.

"Ka maishe ni gida," ya ce, bai ko kalle ni ba.

"Baba, mi ya faru?"

"Ba komi. Ɗiyar mutane ba ta da laifi. Ni ne ba ni da wurin zama nan."

Kun san ni da zuciya, ba sai an ba ku labari ba. Yanzu ma da furfura ta cika kaina ina fama da ita, balle a lokacin. Na fito na samu Kulu a madafa na sauke mata kwandon faɗa. Na ce ta kunyata ni, na ce tsohon da na ɗauko da ƙyar za ta kore shi da rashin hankali. Ta bari na gama, tana tsugune tana tsince shinkafa.

"Malam, na gyara murya har sau biyu."

"Ba ki san ba shi ji ba?"

"Na sani. Shi ya sa da na ji shiru gabana ya faɗi."

Ban tsaya na auna wannan maganar tata ba. Kaina ya riga ya tafi ga sana'ata, don ni a lokacin duk matsalar duniya gani nake waya ce ba a ɗaura daidai ba. Dama makunnin ƙofar nan ya tsage, mai jiƙaƙƙen hannu in ya taɓa sai ya ji wuta ta ɗan ja shi, na daɗe ina cewa zan canza shi. Na roƙi Baba ya ba ni kwana ɗaya. Washegari na shiga kasuwa na sayo makunni mai 'yar jar fitila a goshi, irin wanda in an kunna sai ta kama, in an kashe ta mutu. Na ce shi ke nan, daga yau bango ne zai yi magana, ba mai sake buƙatar tari a gidan nan.

Bari in faɗa muku yadda na yi aikin, don ku san ba ganganci na yi ba, kuma ba a nan kuskuren yake ba. Na kashe wutar gidan daga babban makunni, na cire ta sola ma. Na gwada testata, abin duba ko akwai wuta, a soket kafin in kashe don in tabbatar tana aiki, sannan na taɓa wayoyin na ga ba ta kama ba. Na kwance tsohon makunnin, na sami waya biyu kamar yadda na zata, ja wadda ke kawo wuta, da wata ja wadda ke kai ta ga ƙwan fitila. Na naɗa wa mai kawowa salatif don kada su rikice mini. To sabon makunnin bakinsa uku ne, na shiga, na fita, da na uku wanda 'yar fitilar ke buƙata, wato baƙar waya, wadda muke ce wa nitiral, ita ce hanyar da wuta ke komawa. Ita kuwa babu ita a ramin. A nan ne masu son sauƙi ke yin abin kunya. Wani sai ya ɗaura bakin na uku ga koriyar waya ta ƙasa, fitila ta kama, ya karkaɗe hannu ya tafi, ya bar wa masu gida haɗari a wurin da ake taka ruwa ba takalmi. Wani kuma ya gitta ta tsakanin baki biyun, sai ta riƙa kamawa in an kashe, ta mutu in an kunna, a yi ta ruɗewa. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na sa tsani na shiga silin cikin zafin nan na Kebbi, na rarrafa a kan katako har kan makewayin, na ɗauko baƙar waya daga gindin ƙwan kansa, na zura ta cikin bututu har ta sauko ramin makunni. Awa biyu bututun nan yana yi mini gardama, na fito kamar wanda aka tsamo daga gulbi. Kuma da yake ana yawan ɗauke wuta, na mayar da layin makewayin kan batirin sola, don kada ranar da babu wuta fitilar ta yi ƙarya. Na ɗaure kowane noti, na ja kowace waya na ji ba ta motsi, na rufe, na mayar da wuta. Na danna, ƙwan ciki ya kama, jar fitila ta kama. Na kashe, duka suka mutu. A cikin shekarun da na yi ina wayarin, ban jin na yi aikin da ya fi wannan tsabta.

Na kamo hannun Baba na kawo shi ya gani. Ya danna da hagu, ya kashe, ya sake dannawa, kamar yaro ya sami abin wasa. Rabon da in ga murmushinsa tun kafin ciwon.

"Wanga abu ya yi," ya ce. "Ba tari, ba magana. Allah shi yi maka albarka."

Ya koma ɗaki ya zazzage littattafansa daga jaka. Ni kuwa kaina ya yi girma. Na kira Kulu gaban ƙofar na nuna mata da yatsa, kuma ina so ku riƙe abin da na ce mata, don kalma ɗaya ban rage ba.

"In kin ga jar fitilar ga a kunne, kada ki kusanci ƙofar ga. Kada ki ƙwanƙwasa, kada ki gyara murya, kada ki tsaya ma a lungun. Ko gobara ta tashi, ki jira ta mutu. In kika sake kunyata ni gaban tsohona, ni da ke ne."

"To, Malam. Amma in ya daɗe fa?"

"Daɗewarsa ba ruwanki."

Wata huɗu muka yi lafiya lau. Baba ya murmure, har yana fita masallacin unguwa da sanda. Ku kuma na kafa muku doka a kan barin fitila a kunne, kuka daina. Shi Baba dama ba ya barin ta, mutum ne da ke ganin ɓarnar wuta kamar ɓarnar hatsi, yana fitowa zai kashe. Kulu takan leƙo daga falo, in ta ga ja sai ta koma madafa. Tsakaninta da shi sai gaisuwar safe daga bakin ƙofa, tana durƙushe, kanta a ƙasa, shi kuma yana kallon bango yana sa mata albarka. Yana son ta ƙwarai, na sani, don in ta dama masa fura yakan ce ko ta Argungu ba ta kai wannan ba, amma ni yake gaya wa, ba ita ba.

Ranar da abin ya faru ina garin Ambursa, nan kusa da Birnin Kebbi. Bazara ce, masu noman rani suna neman ruwa ido rufe, wani manomi ya kira ni in haɗa masa injin ban-ruwa na sola. Kuna makaranta duka. Da hantsi wayata ta yi ƙara, na ga Kulu ce.

"Malam, Baba ya shiga tun ɗazu, fitila ba ta mutu ba."

"To sai mi? Mutum ba shi daɗewa?"

"Ya kusa awa guda."

"Ƙila ya fito ya manta bai kashe ba."

"Ba shi mantawa. Kuma takalmansa na fita suna ƙofar ɗaki, na yi sallama ɗakin ba a amsa ba."

"Kulu, na hana ki. Ki bari, ina tafe."

Na ce ina tafe, amma ban taho ba. Saura waya kaɗan aikin ya ƙare, mai gona yana tsaye a kaina, shinkafarsa ta fara yaushi, ni kuma ba na son barin aiki a buɗe. Na ce a raina matan nan da tsoro. Bayan kamar awa guda ta sake kira. Ta ce ta saurara daga nesa ba ta jin ƙarar ruwa, ba ta jin komai. Ta ce ko ta kira maƙwabcinmu ya duba.

"Ki tara mini mutane a kan tsiraicin ubana? Ashe ba ki da hankali? Na ce ina tafe!"

Na kashe wayar. Sai da na ga ruwa ya feso daga bakin tiyo, mai gona yana ta godiya, sannan na hau babur. Ko a hanya ban yi gudu ba, Allah shi ne shaida, har na tsaya na sayi mangwaro a bakin titi.

Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi. Ciwon ne ya sake bugun Baba yana cikin wanka, ya zame ya faɗi tsakanin masai da bango. Da farko bakinsa yana iya motsi, da ya yi kira da an ji. Bai yi ba. Mutumin da ya shekara saba'in bai yi magana a makewayi ba, kuma ya san ba kowa a gidan sai matar ɗansa, ga shi ba sutura. Kulu kuma tana falo tana kallon jar fitilar da na hana ta wucewa. Da aka fara kiran azahar ta ga bai fito alwala ba, ta ce a ranta ko sakin ta zan yi sai dai in yi. Ta ɗauko babban zane, ta juya baya, ta tura ƙofar da diddige, ta shiga da baya da baya tana riƙe da zanen a bayanta, ta sake shi a kansa ba tare da ta waiwaya ba. Sai da ta tabbatar ya rufu sannan ta juyo. Ita kaɗai ta mirgina shi kan tabarma ta ja shi har falo, mace mai ƙaramin jiki kamar yadda kuka san ta, sannan ta fita kan titi ba mayafi tana kiran jama'a. Na iso na tarar ana sa shi a mota, ledar mangwaro tana rataye a hannun babur ɗina.

Yaya Balki ta iso asibiti kafin la'asar. Muna tsaye mu uku a bakin gado likita ya tambaya tun yaushe ya faɗi, don ya ce a irin wannan ciwon awannin farko su ne magani.

"Tun hantsi," in ji Kulu.

Likita ya girgiza kai. Yaya Balki ta juya a hankali.

"Tun hantsi? Ke kina ina?"

"Ina cikin gida, Yaya."

"Kina cikin gida. Tsoho na kwance cikin ruwa tun hantsi, kina cikin gida."

Kulu ta ɗago ta kalle ni. Kallo ɗaya ne, irin na wanda ke jiran a karɓe masa kaya. Ni kuwa na mayar da idona kan ledar ruwan da ake ƙara wa Baba, na yi ta kallon yadda yake ɗiga. Kalma biyar kawai ake buƙata, in ce Yaya, ni na hana ta. Tsoro ya hana ni. Ni na ɗauko shi da ƙarfin baki, ni aka ba amana, kuma ban iya ɗaukar a ce Umaru ya tsaya sayen mangwaro ubansa yana kwance. Na ce a raina in hankali ya kwanta zan yi bayani. Wallahi da niyyar haka na yi shiru.

Da aka sallame shi, Yaya Balki ba ta ko shawarce ni ba ta wuce da shi Argungu, ta kuma aiko cewa kada Kulu ta taka gidan. Barin jikinsa na dama ya mutu gaba ɗaya, magana sai an kasa kunne sosai. Nakan je duk bayan kwana biyu. Wata ranar Juma'a da hantsi muna mu biyu a ɗakinsa, ina yanke masa farce, ya kama rigata da hagu ya jawo ni kusa.

"Ɗiyar ga," ya ce. "Na ga ƙafafunta. Ƙarƙashin ƙofa. Ta taho, ta koma. Ta taho, ta koma."

Na ci gaba da yankan farcen.

"Kai ka hana ta?"

"Ni ne, Baba."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Ya daɗe kafin ya sake tattaro numfashi.

"Ta suturta ni. Ba ta dube ni ba. Ka hwaɗa ma Balki."

"To, Baba."

Na fito na sami Yaya Balki a tsakar gida tana wanke masa zannuwa, idonta ya kumbura don kuka da rashin barci. Na tsaya a kanta, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayar ko maganinsa bai ƙare ba. Bayan kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Kulu ta zo gaisuwar rasuwa duk da an hana ta, ta durƙusa gaban Yaya Balki cikin mata, Yaya ta juya mata ƙeya. A motar haya Kulu ta koma ita kaɗai, ni ina zaure ina karɓar gaisuwa ana cewa Allah ya saka mini da ɗawainiyar da na yi.

Kada ku zaci Kulu ta taɓa tayar mini da maganar. Ko sau ɗaya. Ta ci gaba da dafa mini abinci, ta yi renonku, ta yi jinyata lokacin da na faɗo daga tsani. Sai dai wani abu ya fita daga gidanmu wanda ku ba za ku lura ba don kuna ƙanana. Da can in na dawo aiki takan tsokane ni, ta ce ga sarkin waya ya dawo, wa aka kashe wa wuta yau. Ta daina. Duk sallah takan haɗa tsaraba ta ba ni in kai wa Yaya Balki, ni kuma in dawo da ita in ɓoye a shago don an ƙi karɓa. Aka yi aure huɗu a dangi ba a aiko mata goro ba. Ku kuna zuwa hutu Argungu, kuna dawowa da wani irin kallo, ina gani. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi a bakina, don yanzu ba laifin ranar kaɗai zan amsa ba, har da na shirun da ya biyo baya.

Ke Safiya, ki yi haƙuri zan ambace ki, ba don in kunyata ki ba. Bara da kika zo wankan gida, kuka sami saɓani da mahaifiyarki a kan yi wa jariri wanka, ina daga ɗaki na ji kin ce, "Inna, ni ba zan bar ɗana hannun wadda ta bar Kaka ya shanye a makewayi ba." Na san zafin jego ne, na san kin yi nadama. Amma na leƙo na ga mahaifiyarki ta ajiye soso a hankali, ta goge hannunta a zane, ta shiga madafa. Wallahi ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, don ba ke kika faɗi maganar nan ba, ni na sa ta a bakinki.

Washegari da sassafe na kama hanyar Argungu. Na sami Yaya Balki a kan tabarma tana jan carbi, ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, dokar da na kafa, kira biyun, mangwaron, da saƙon Baba da na riƙe. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Na zaci za ta zage ni, da ma ta yi.

"Umaru," ta ce, "shekara goma sha ɗaya ban amsa sallamar baiwar Allah ga ba. Na zage ta gaban ɗiyanta. Na je Makka na dawo da ita a zuciya. Kai kana kallo?"

"Ina kallo, Yaya."

"Tashi ka nemo mota."

Na nemo mota, muka kamo hanya har muka shiga Birnin Kebbi. Kulu tana tsakar gida tana shanya, da ta ga wadda ta shigo sai ta saki rigar da ke hannunta, ta durƙusa za ta gaishe ta kamar kullum. Yaya Balki ta jefar da sandarta. Da gwiwoyin nan da ko sallah a zaune take yi, ta sauka ƙasa har ta kai, ta kama ƙafafun Kulu tana kuka.

"Ki yafe mini, Kulu. Don Allah ki yafe mini. Ban sani ba."

"Haba Yaya, tashi, don Allah tashi. Wallahi na yafe, duniya da lahira. Mi anka yi anka yi?"

Suka rungume juna a ƙasa suna kuka, ni ina tsaye a bakin zaure kamar baƙo. Da Yaya ta shiga ɗaki ta huta, na matsa wurin Kulu tana tsince kayan da suka zube. Na ji sanyi a raina, na zaci an gama. Na ce mata tun da ta yafe wa Yaya, ni ma ina roƙo.

Ta miƙe, ta karkaɗe rigar, ta rataya ta a igiya, ta daidaita ta da kyau. Sannan ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da fushi ne da ya fi mini sauƙi.

"Ita ba ta sani ba, Malam," ta ce. "Kai ka sani."

Ta ɗauki kwandonta ta shiga ciki ta ɗora wa Yaya abinci. Yau wata bakwai ke nan, ba ta ƙara komai a kan wannan ba, ni kuma ban ga ina da bakin sake tambaya ba.